Saura Mutum Ɗaya a Vaurenche

Zuwa ga ƙanena Anselme,

Gaisuwa mai yawa daga gida, da fatan kana lafiya, kai da Ghislaine da yara, kuma sanyin Kanada bai tayar maka da ciwon ƙirjin nan ba. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwata da ta ƙi jin magani.

Na ga saƙonka, wai in rubuto wa jikarka Maëlle tarihin ƙauyenmu Vaurenche da yawan mutanensa saboda aikin makaranta. Anselme, da kana kusa da na ja maka kunne. To ga shi: rafin yana nan, tudun yana nan, dajin ma yana nan. Mutane ne babu. Da kakanmu yana yaro an haura ɗari huɗu, yau ba mu kai tamanin ba, rabinmu kuwa da sanda muke tafiya. Makaranta da gidan burodi an rufe su tun kana da gashi a ka.

Abin da ya dame ni shi ne zaɓen watan Maris. Sai mutum bakwai sun tsaya takarar majalisar ƙauye, in ba haka ba hukuma za ta haɗe mu da maƙwabtanmu na Montbrey, sunanmu ya ɓace. Mu shida aka samu, har da ni da gwiwar tawa. Firmin magajin gari ya bi gida-gida yana roƙo. Wani tsoho ya ce masa shi kunnensa ya mutu, Firmin ya ce ai ba sai ya ji ba, hannu kawai zai riƙa ɗagawa, shi kuwa ya ce kafaɗar ma ta mutu.

Ka kuma san 'yan Montbrey ba mu suke so ba, dajin suke so. Tun zamanin kakanni, duk gidan da hayaƙi ke tashi a kansa lokacin sanyi yana da rabonsa na itace, su kuwa sun sayar da nasu dajin tuntuni. Shekaranjiya na iske biyu daga cikinsu a inda Baba ya yi dashe, ɗaya har ya rungumi itace yana auna kauri. Na daka musu tsawa, suka ce wai laimar kwaɗi suke nema. A jikin itace!

Gidan Baba da sunanka yake, don haka doka ta ba ka damar tsayawa. Ka yi ritaya, ba abin da ya riƙe ka sai kamun kifi, amma kullum kana rubuto cewa kana kewar gida. Na gaji da kewar takarda. Ka zo ka hura wuta a murhun nan, ka zama na bakwai. Ka sha cewa a gefen Baba kake so a binne ka. Za a yi, amma in ka ƙi zuwa, a ƙasar Montbrey za ku kwanta ku biyun, kuma kai za ka yi masa bayani.

Ka gaishe min da Ghislaine da Maëlle. Firmin na gaishe ka, ya ce zai je tarbarka a tasha da kansa.

Yayarka da ranta ya ɓaci,
Huguette