Rigar Iyon Inna

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Innarki ce ke riƙe da alƙalami, ni nake faɗa, tunda kin san ban yi makaranta ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da kuka kai rigar bikinki wurin telan bakin kasuwa, alhali ubanki tela ne, kekensa na nan a shago. Har yau ba wanda ya gaya mini laifina. Ni da na yi niyyar yi mata shafi uku don ta tsaya da kyau. (A tsakiyar zafi. In ji Inna.)

Na yi shiru, yanzu kuma sai ga ƙunshi daga wurinki: riga mai dogon hannu, wando, da 'yar hula, duk na kanti, wai kayan iyon Innarki. Shekara arba'in da huɗu ba ta sa ɗinkin kowa ba sai nawa. Wannan yadi mai talewa kamar roba, shi ne zai tare rana? Na ce ba za ta sa ba. Ta ce a rubuta miki tana jina.

Ki gaishe da yara.
Babanki

*

Baba,

Barka da aiki, ina gaisuwa da ladabi. Likita ne ya ce Inna ta riƙa shiga ruwa saboda gwiwarta, wurin iyon kuma a buɗe yake, ba rumfa. Fatarta ba kamar da ba ce, ta yi laushi. Kai da kanka ka ga yadda rana ta sa bayan wuyanta ya yi tabo, yana saɓa. Saƙar yadin nan a matse take, rana ba ta ratsa shi, ba ya kuma shan ruwa. Don Allah Baba, ka bari ta sa. In ta daina zuwa, tafiya ma za ta gagare ta.

Allah ya ƙara lafiya.
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na lura kin tsallake maganar rigar biki. To.

Abin da zan faɗa, Innarki ta ce in ban faɗa ba ita za ta rubuta. Na ɗinka mata nawa kayan iyon. Yadin auduga mai kauri, shafi biyu don kada rana ta samu hanya. Na kuma zuba 'yan dalma a kalmasa, irin na labule, don kada ruwa ya ɗaga rigar. Ta sa, don kada raina ya ɓaci. Ta ce tana shiga ruwa sai ta ji kamar ta goya buhu. Mata biyu ne da malamar iyo suka fito da ita, ruwa iya ƙugu, suna dariya har da hawaye. Kwana biyu rigar na kan igiya ba ta bushe ba. (Uku.) Ba na son gyara a wasiƙata.

Shi ke nan. Na ce ta sa naki.

Amma saurari sauran. Sati guda da fara sa na kantin, sai na ga ba ta ɗaga hannu in za ta ɗauko kofi. Na ce, "Tsohuwa, mu gani." Ashe bakin ɗinkin ciki ya goge mata hammata da kafaɗa har sun yi ja, ta yi shiru don kada in yi miki gori. Har ta fara cewa za ta huta da iyon. Masu kanti sun san yadi, ba su san kafaɗarta ta hagu ta fi ta dama sauka ba. Ni na sani.

Na farke shi gaba ɗaya. Na juyo da bakin ɗinkin waje, na kwantar da shi, na saki hammata da yatsa biyu. Ƙyallen da na rage a ƙafar wando na ƙara shi a wuya, ya rufe wurin tabon. Allura huɗu na karya kafin keken ya yarda da yadin.

Yanzu kullum da hantsi tana can. Jiya ta hau matakala ba ta dafa ni ba. Ƙawayenta biyar sun kawo nasu gyara, har da malamar da ta yi dariya. Nata na sa a ƙarshe.

Ku huta lafiya.
Babanki

*

Baba,

Na karanta na yi dariya, na kuma yi hawaye. Ga nawa kayan iyon nan na aiko, ni ma yana cina a hammata. Ba na son hannun kowa a kai sai naka. Amma ban da shafi, don girman Allah.

Maganar rigar biki kuwa, ka tambayi mai riƙe da alƙalami.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Maƙwabcinmu mai gyaran agogo ne ya rubuta wannan, ki gaishe shi. Na tambayi Innarki maganar rigar bikin. Ta ajiye alƙalami, ta ɗauki jakar iyonta, ina jin dariyarta har bakin titi. Shi ma ga shi nan yana murmushi, ban san me ya sani ba.

Na gama gyaran rigar iyonki, tana rataye a shago. Ba zan aiko ba. Ki zo da ƙafarki ki gwada, ku zauna ke da ita a gabana, ɗaya daga cikinku ta ba ni amsa: me shafi uku ya yi muku?

Babanki