Kowa Yana Lallaɓa Ni, Yaya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan. Mu nan sai godiya. Maman yara tana lafiya, 'yar autarmu kuma ta fara karatun jinya, tana auna mini jini safe da yamma ko ban so ba.

Yaya, kullum a waya ina ce miki na warware. Jikin kam da sauƙi, wata biyar ke nan da bugun zuciyar, kuma likita ta ce zuciyar tana aikinta. Abin da bakina ya kasa faɗa shi ne na zama baƙo a gidana. Shekara talatin ina aski, kunnena bai saba da shiru ba. Yanzu da na shigo falo sai a rage murya, a kashe labarai. In na leƙa shago sai a ba ni kujera mai laushi, gardamar ƙwallo ta mutu, duk abin da na faɗa a ce haka ne. Sai na daina zuwa. Na koma ɗaki ina kallon fanka, abinci ba ɗanɗano, wanka ma sai an roƙe ni.

Abin da ya ƙarasa ni rasuwar Dogo ce, mai gyaran agogo a jikin shagona. Sati uku aka ɓoye mini. Na kira wayarsa don in yi masa tsiyar ƙin zuwa duba ni, sai matarsa ta ɗauka, ta shaida mini. Maman yara ta ce tsoro suka ji kada zuciyar ta sake bugawa. Ban ga laifinta ba, amma ranar na ji kamar an cire ni daga sahun masu rai.

Da muka koma asibiti, likitar ta ajiye biro ta tambaye ni yaushe rabona da dariya. Sai kawai hawaye ya zubo mini. Ta ce ciwon damuwa ne, yana yawan biyo bayan bugun zuciya, ba raunin imani ba ne, kuma yana jin magani. Ta rubuta mini ƙwaya, ta haɗa ni da mai ba da shawara, ta kuma roƙi maman yara a daina ɓoye mini al'amura. Sannan ta sa ni cikin masu irin lalurata da ke tattaki a harabar asibiti kowace Talata da safe. Mu bakwai ne. Akwai wani tsohon direban jirgin ƙasa mai taurin kai, na ba da wani labari ya ce ƙarya nake yi. Yaya, wata biyar ba wanda ya ƙaryata ni! Muka yi ta musu har nas ta zo raba mu. Ranar na cinye abincina tas.

Ba zan ce na warke ba, amma sannu ba ta hana zuwa. Talata ɗaya ce a sati, sauran kwanakin shida suna da tsawo. Don Allah ki riƙa kirana, kuma kada ki tsaya kan tambayar jiki. Ki ba ni labari, mai daɗi da marar daɗi, ki yi mini faɗa kamar da. In kin ji na yi shiru, kada ki kashe wayar, ina jin ki.

Ki gaishe mini da maigidan, da Goggo, da takwarana, da 'yan biyunki.

Naki ƙani,
Auta mai aski