Amsata da Akwatin Imel Ya Haɗiye

Zuwa gare ka Anas, inuwar gawona cikin rani, ruwan randata mai sanyi, ƙamshin ƙasa ranar da hadarin farko ya sauka a Adar, kai da zuciyata ta zaɓa tun muna zama benci guda a ajin lakwal. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Kawu Habu da mutanen Agadas. Gaisuwar ba za ta yi tsawo ba, don raina a ɓace yake, kuma rabin ɓacin ran naka ne.

Ka ga takarda, ka ga rubutun hannuna, ni da na rantse ba zan taɓa rubuto maka da alƙalamin bik ba don kada wani ya tsinta. Ka san abin da ya kai ni? Akwatinka! Akwatin imel ɗin nan da ka buɗe mana kafin ka tafi, kana ta murna kamar ka gina rumbu. Ka ce tunda ba ni da waya, kuma kunya ba za ta bar ni in danna wurin aikawa ba, sai mu riƙe akwati guda da kod guda, wato lambar sirrin buɗe shi. In rubuta in bari cikin buruyon, ma'ajiyar rubutun da ba a aika ba, kai ka buɗe can ka karanta, ka bar mini naka a wurin. Ban ce maka ko a lakwal buruyon shi ne wanda malam ke yagewa ba? Ka yi dariya, ka ce wanga buruyon ba ya yaguwa. To, ya yagu!

Wata bakwai ina bin inna kasuwar Tamaske kowane mako da tallar zogale, in ta juya baya in sulale shagon Yaya Biba, ɗiyar gwaggona da ke buga wa mutane takardu. Da yatsa guda nake neman baƙaƙe a na'urar ordinater, ina rufe gilashin da gefen mayafina, ita kuwa tana tari irin na tsokana. Layi biyar yakan cinye mini rabin yini. Duk wannan wahala ta tafi ina?

Bari in faɗa maka yadda aka yi, don na san kana can kana kumbura, kana cewa Bushira ta yi watsi da kai. Kasuwa uku da suka wuce na karanta tambayarka. Ka ce abokanka za su hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa ramukan zinariya na arewa, ka ce in faɗa maka, ka bi su ko ka dawo gida shuka. Ranar ban rubuta ko harafi ba. Na koma gida na yi mako guda ina juya maganar, ina daka ina tunani har na zubar da rabin gero ƙasa, inna ta tambaye ni ko aljanu ne. Da kasuwa ta zagayo na tattara duk ƙarfin da Allah Ya ba ni na rubuta maka amsa. Ina gamawa sai wani ɗan zobe ya fito tsakiyar gilashi yana juyawa, yana juyawa, kamar akuyar da aka ɗaure ga turke. Daga nan shafin ya yi fari fat.

Wayyo ni! Na ɗauka ni na ɓata na'urar mutane. Na hura maɓallai, na goge gilashi, na yi bisimilla na sake danna kod har sau tara. Yaya Biba ta kira Umar mai gyaran waya, ya duba ya ce ba rezon waya ba ne, ba wutar kuran ba ce, injinan kamfanin ne suka tsaya can wata ƙasa, kuma duk mai irin akwatinmu haka yake fama. Na ce to a gaya mini inda ofishinsu yake in tafi. Har yanzu suna mini dariyar wannan magana. Kasuwar da ta biyo baya ma haka, ƙofa a rufe, sai wani rubutun faransanci mai ba da haƙuri. Haƙuri! Su wa suka gaya masu haƙuri yana tsayar da kamiyo?

Yau akwatin ya buɗe. Na ga Yaya Biba tana guɗa, duk saƙonninta sun dawo, har na wani mai neman a buga mishi katin suna tun bara. Na buɗe namu. Babu komai, Anas. Fayau kamar gona bayan fari sun wuce. Umar ya ce kamfanin ya maido abin da aka aika da abin da aka karɓa, amma buruyon ba su maido ba, don su a ganinsu ba wasiƙa ba ce. Ba wasiƙa ba ce! Maganar da ka ce murmushina ya fi nonon safe, ba wasiƙa ba ce? Ban kwafe ko guda ba, don tsoron kada a gani cikin kayana. Wayonka da kunyata suka haɗu suka yi mana wannan aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne layinka na ƙarshe, shi kam bai goge daga kaina ba. Ka ce in ka ji shiru, ka san ban damu ba, za ka hau kamiyo. Haba Anas! Wata bakwai kawai a Agadas har ka manta inda aka yanke cibiyarka? Yaushe shirun ɗiyar Adar ya zama ƙi? Wadda ba ta so ai ita ke da baki, ta faɗa ta ƙara. Ka manta ranar da korama ta kawo muna dawowa daga jarrabawar satifika, ka ɗora jakata bisa kanka ka shiga ruwa har ƙugu, ka miƙo mini sanda in riƙe? Da muka haye ka tambaye ni ko na ji tsoro. Na ce maka wani abu? Ban ce ba. Amma sandar ban sake ta ba har bakin gari, kuma ka gane. Wanda ya gane a bakin korama, me ya toshe mishi kai yanzu?

Ya tauraron asubata, ya zumar da ke cikin kogon kuka, ban san ko ka ga amsata kafin shafin ya yi fari ba. Rashin sanin nan ne ke hana ni cin tuwo. Juma'ar nan ka ce kamiyon zai tashi, saura kwana biyar. Ina tuna Ɗanlami na unguwarmu da rami ya rufta da shi shekaran bara, uwarshi har yau ba ta bari a taɓa tabarmarshi. Wane zinari ne zai biya ni kai? In sa shi a kunne in ji muryar wa?

To ga amsar, da bik, a takardar da ba ta da kamfani: kada ka tafi. Ka dawo gida. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, babanka ya gyara gona shi kaɗai, kuma ni, Bushira, ina son ka dawo. Ka ga na rubuta. Kuma ban goge ba.

Ɗan'azumi shofer zai ɗauki albasa zuwa Agadas gobe da safe. Ya ce ba ya karɓar takarda sai an gaya mishi mai ita, kuma ka san shi, sai ya maimaita da ƙarfi kowa ya ji. Ni da ban taɓa kiran sunanka gaban mutane ba, gobe zan tsaya tsakiyar tasha in faɗe shi. Kafin azahar labari zai kai kunnen inna. Na san haka, kuma zan tafi. In ka hau kamiyon nan bayan wannan, ba zan yafe maka ba, amma ko a hakan ba zan kalli wani ba.

Taka ce yau, taka ce gobe, har ranar da numfashi zai ƙare,

Bushira