Rariyar Gidan Malam Bawa

Kurmin Mashi, Kaduna,
14 ga Agusta, 1991.

Zuwa ga Yayata Kaltume,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Sanda da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma lafiya lau, Maimuna har ta fara rarrafe.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ruwan ranar Talatar makon jiya. Kin tuna Malam Bawa, maƙwabcinmu mai makarantar allo, wanda ruwan gidansa ke bi ta rariyar da ke gindin katangarmu ya fita titi. Da rani Baban Maimuna ya sa aka toshe ta da siminti, wai ƙazanta na shigo mana. Malam ya roƙe shi, ya ce masa ruwa ba ya manta hanyarsa, bai ji ba.

Ranar, bayan la'asar, ina kwance da littafina, gari ya yi baƙi ƙirin. A littattafai ruwan sama abin sha'awa ne, masoya na kallonsa ta taga. Wannan kuwa kamar an tuntsurar da randa daga sama, tsawa na girgiza kwanon ɗaki. Shinkafar da na ɗora ba ta ko tafasa ba na jiyo Balaraba, matar Malam, tana salati, tana cewa ruwa ya kai mata gwiwa, bangon ɗakin surukarta makauniya ya fara zaizayewa. Ban san lokacin da na goya Maimuna na ɗauki taɓarya ba. Na yi ta dukan simintin nan har ya fashe. Ruwan ya kwararo mana, ya shiga ɗaki, ya jiƙa darduma da rediyon maigidana da littattafaina duka. Kafin magariba an ɗauke kamar ba a yi ba. Bangon bai faɗi ba, tsohuwa tana nan da ranta.

Tun ranar, Baban Maimuna gaisuwata kawai yake amsawa. Ya ce na yi gaban kaina a gidansa, jiya kuma ya shigo da sabon buhun siminti. Don Allah ki sa Yaya Sanda ya yi masa magana, shi kaɗai yake jin nauyinsa. Maƙwabcinka ɗan'uwanka ne, ga damina da saura.

Ki gaida Yaya Sanda, da Inna Yalwa, da su Idris. Yanzu ma hadari ya haɗo daga gabas. Taɓaryar tana bayan ƙofa, Allah ya sa kada in sake ɗaukarta.

Ƙanwarki,
Husaina.