Jawabin Buɗe Shekara da Latin

Iloilo, 2 ga Yuni

Tita Puring, innata,

Gaisuwa da fatan ƙafarki ta yi sauƙi. Ranar Litinin za mu buɗe shekarar karatu, ina jiran jawabin Latin da kika saba rubuta wa shugaban kwaleji ya karanta. Sai kuma haƙuri: majalisar kwaleji ta rufe ajinki na Latin daga bana. Ɗalibai bakwai ba su isa aji ba.

Ɗanki,
Fada Dionisio, Shugaban Kwaleji

*

4 ga Yuni

Dioning,

Ina gaishe ka. Ƙafata lafiya, na gode da ka tuna da ita kafin ka kore ni.

Shekara ashirin da shida ina rubuta jawabin nan. Shugabanni huɗu sun hau mumbari sun karanta, an tafa musu, ni ina kujerar baya kusa da fanka. Ban ce uffan ba, don ina da aji. Yanzu ka rufe shi a layi biyu, kuma a takarda ɗaya kana roƙon jawabi!

A kicin ɗin 'yar'uwata, mahaifiyarka, na koya maka kalmarka ta farko, initium, kana cin mangwaro yana zuba a littafina. Na ce maka ma'anarta mafari, tushenta kuma shiga ciki. Sati uku ka yi kana kuka kafin ka iya juya ta bisa nahawun Latin. Yau kai ke yanke hukunci a kan Latin.

A buɗe ajina, ka sami jawabi. In ba haka ba, rubuta da kanka.

Innarka,
Purificacion

*

5 ga Yuni

Tita,

Gaisuwa. Haba, ba ni kaɗai ba ne majalisa. Kada ki damu, na sami mafita a tsohuwar durowa.

Dionisio

*

9 ga Yuni

Fada Shugaba,

Barka da taro. Na zo, na ji mafitarka. Jawabin da na rubuta shekara takwas da suka wuce ne. Da murya mai daɗi ka yi wa tsohon Bishop maraba, ka roƙa masa tsawon rai. Shekararsa huɗu a kabari. Sabon Bishop ya gyaɗa kai, malamai suka tafa.

Mutum bakwai ne kawai suka yi dariya, ɗalibaina. Za su riƙa zuwa gidana ranar Asabar, ka bar musu littattafansu.

Ka gaida mahaifiyarka. Ban gaya mata ba tukuna.

Purificacion