Katin Saniya

Ungogo, Litinin

Zuwa ga maigidana Malam Muntaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya jikin Inna? Ya cirar gyaɗa? Na aiko da wannan ta hannun Basiru direba ne, tunda wayarka sabis take rasawa da zarar na ambaci asibiti.

Yau kwanana tara a gidan Yaya Zakiyya. An ɗebi jinina sau uku, an yi min hoton mahaifa. Likita ta ce ba ta ga komai ba, kuma ba za ta ƙara taɓa ni ba sai mijina ya zo an gwada shi. Ta ce yanzu ko da matsala akwai dabara, har a kan haɗa ƙwan mace da na mijinta a asibiti a mayar mata. Da na faɗa maka, cewa ka yi ba ka son shisshigi a lamarin Allah.

To Malam, bara wa ya ɗauko likitan dabbobi har Kunci, da tulunsa na ƙarfe mai tururi, ya sa wa saniyarka irin bijimin da ba ta taɓa gani ba? Wa ya yi wata guda yana yi wa 'yan majalisarku bayani? Shekara biyu kacal ta yi ba haihuwa ka hana kanka sukuni. Ni shekara tara! Na sha saiwa da sassaƙe har harshena ya daina gane ɗaci. Wallahi na gaji.

An ba mu Alhamis, ƙarfe tara. Ka taho min da tsohon katina na asibiti, yana cikin jakar takardunka.

Ka gaida Inna.

Matarka,
Raudatu

Ungogo, Juma'a

Malam,

Sallama, da fatan ka tashi lafiya. Ni dai da sauƙi.

Jiya har azahar ina kan benci ina kallon ƙofa. Ba ka zo ba, sai Basiru da ambulan. Ban buɗe ba, na miƙa wa likita. Katin saniya ne, Malam! Da kwanan watan rigakafinta da komai. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai wata takarda ta faɗo daga ciki, a ninke. Likita ta karanta, ta dube ni, ta tashi ta rufe ƙofa. Sunanka ne a kai. Gwajin da nake roƙonka, ashe ka yi shi shekara uku da suka wuce. Ka san sakamakon, ka san matsalar daga wajenka take, kana kallo Inna tana jiƙa min magani kullum, ka ce in daure in shanye.

Ban sani ba ko kuskure ka yi, ko iyakar hanyar da ka iya faɗa min ke nan. Na yi kuka, na yi fushi, har yanzu ban huce ba. Amma ban gaya wa kowa ba, ko Yaya, kuma ba zan gaya ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, likita ta ce irin naka ana samun nasara a kansa. Da ka buɗe baki tun lokacin, wataƙila da ba Malam na rubuta a saman takardar nan ba, da Baban wani na rubuta.

An sake ba mu Alhamis. Katin saniya yana hannuna, kai za ka zo ka karɓa.

Matarka, duk da haka,
Raudatu