Na Ba Balkisu Hannuna

Assalamu alaikum, Malam.

Ina gaishe ka da kewa mai yawa. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, ba kuma wanda zai karanta maka ita. Amma damina biyu ke nan da rasuwarka, magana ta taru mini a ciki, ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Gida lafiya lau. Ƙanenka Garba ne ke noma fadamar, albasa ta yi kyau bana. Tunkiyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu.

Labarin ɗiyarmu Balkisu ne ya sa na ɗauki biro. Tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin gwaje-gwajen asibiti a Sakkwato, karatun da ka so mata. Karatun takarda ba ya ba ta wahala. Ta iya leƙa madubin likita ta gane ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ta iya faɗin rukunin jinin mutum. Abu ɗaya ya tsaya mata: ɗibar jini daga jijiya. Da ta ɗauki allura sai hannunta ya kama rawa. Ta faɗi wannan jarrabawa sau ɗaya. In ta sake faɗuwa, sun ce sai dai ta dawo gida.

Yanzu an tura ta wani asibiti a Bodinga ta koyi aiki da hannu. Marasa lafiya na ganin rawar hannunta sai su janye nasu. Ta zo gida ta roƙi dangi wani ya je ta gwada a kansa a gaban malamarta, kowa ya ƙi. Ka san mutanenmu. Wai jinin da aka ɗiba sayar da shi ake yi, wai manomi ba ya sake ƙarfi.

Malam, da wane baki zan zage su? Ni ma na faɗi haka.

Ka tuna lokacin da jikinka ya fara rikicewa, ma'aikacin lafiya a Shagari ya rubuta maka takardar gwajin jini? Ka yi ta nemanta, na ce maka iska ta ɗauke. Ƙarya na yi. A murhu na sa ta. Na ga ka rame, idonka ya yi fari, na ce ɗan jinin da ya rage ba za su zuƙe mini shi ba. Na yi ta dafa maka zogale da jiƙe-jiƙe har wata biyu. Ranar da Garba ya ɗauke ka zuwa Sakkwato, likita ya tambayi me ya sa aka daɗe. Na san kwana na Allah ne. Amma da an duba da wuri fa? Ka yafe mini. Balkisu ba ta sani ba, kuma zan gaya mata da bakina in ta gama jarrabawa.

Talatar da ta wuce na hau kabu-kabu zuwa bakin titi, na shiga mota har Bodinga. Ni da ko allurar awo sai an riƙe ni, na zauna na naɗe hannun riga. Balkisu ta ɗaure mini dantse da roba, ta shafa auduga mai sanyi. Ta soka, ba ta samu ba. Ta sake, ba ta samu ba. Wurin ya kumbura ya yi baƙi, ta fara hawaye. Ban ce wayyo ba. Na miƙa mata ɗayan hannun, amma malamarta ta ce ya isa na yau.

Saura mako uku jarrabawar. Na gaya wa Garba kowace Talata ya nemi mai ba dabbobi ruwa, ni ina Bodinga. Malamar ta ce jijiyata siririya ce mai gudu, wanda ya iya kama irinta ba wadda za ta gagare shi. To, ta yi ta gudu. Ina nan zaune har Balkisu ta kama ta.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu da alheri. Sai na iske ka.

Matarka,
Hajo, uwar Balkisu